Rabin Akwatin Saffana

Duk Sanyuanli, unguwar fatake a Guangzhou, babu wanda ya san Turai kamar Barmo, kuma bai taɓa taka ƙasarta ba. Gunduwa-gunduwa ya san ta, yadda mahauci ya san sa. Ya san ginshiƙanta, ya san bakin tagoginta, ya san zakunan nan na dutse masu tofar da ruwa. Abin da bai sani ba shi ne wane gari ne ke da wanne, kuma bai taɓa ganin amfanin ya sani ba.

Sana'arsa ce ta jawo haka. Alhazan Maraɗi da na Yamai, in Allah ya buɗa musu, sai su kwashi iyali a tafi yawon buɗe ido Roma ko Faris. Can sai wani gini ya shiga ran mutum, ya tsaya a gabansa a ɗauke shi hoto, ya turo wa Barmo da saƙon murya: "Irin wanga nike so a ƙofar gidana." Barmo ya ɗauki wayarsa ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Panyu, ya nufi wata masana'anta da ke bayan layin masu gyaran babura, ya ajiye ta gaban Lawban Lo. Lawban, wato maigida da bakin mutanen garin. Shi kuwa Lawban Lo, kalmar nan tasu ta meyo, babu, ba ta fita bakinsa in dai maganar gini ce. Sai ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kauce wa tumbin Alhaji da mayafin Hajiya, ya ƙura wa abin da ya rage ido, ya gyaɗa kai. Kafin wata ya zagayo ginshiƙai sun fito, farare tas, na siminti da zare, kowanne a tsage biyu don ya shiga kwantena. Cikinsu kuwa fanko ne. In ka ƙwanƙwasa sai su amsa maka kamar ganga.

Saffana, 'yarsa tilo, ita ta fara ƙwanƙwasa su. Tana 'yar shekara tara mahaifiyarta Sabuwa ta rasu a Maraɗi. A lokacin takardun Barmo a cukurkuɗe suke, in ya fita daga China babu tabbacin zai sake shigowa, ko jana'iza bai samu ba. Mma Ajara, matar abokinsa Wahab mai tura kaya Ghana, ita ta karkata tafiyarta daga Accra ta bi ta Yamai, ta riƙo hannun yarinyar har Guangzhou. Tun daga ranar Wahab bai ƙara kiran Saffana da sunanta ba. "Ina Saƙonmu?" yake cewa in ya leƙo shago. "Ya ci abinci kuwa?" Hausar zango ce a bakinsa, mace da namiji duk "ya" ne.

A shagon ta tashi, tsakanin samfuran ginshiƙai. Ta kama Sinanci har ta zama ita ke yi wa uban tafinta, ta yi karatu kamar mai gudun wani abu, ta samu jami'a a nan Panyu tana koyon zanen gine-gine. Daga nan fa Barmo ya shiga uku da tsiya.

"Baba, kan wannan na Girka ne, gindinsa na Roma, tsakiyar kuwa ban san inda kuka samo ta ba. Kamar an ɗora wa raƙumi kan akuya."

"Wa za ya sani a Maraɗi?" Barmo zai ce, yana dariya har haƙorinsa na Makka ya fito. Amsarsa ke nan kullum, ita kuma kullum sai ta riƙe kai.

Da rana in kasuwa ta yi sanyi takan ja kujera kusa da shi ta nuna masa na gaskiyar. Ta nuna masa wani tsohon gini a Roma mai ƙubba, da rami a tsakiyar rufin, ruwan sama na zubowa ta nan tun kafin zuwan Musulunci kuma ginin bai ko gezau ba. Ginshiƙan ƙofarsa, in ji ta, kowanne dutse guda ne, daga Masar aka ɗauko su. Barmo ya kalla ya kalla, ya ce, "To wa ya hiddo musu su daga duwan?" Kwastan yake nufi. Ta nuna masa Benis, ya ce ambaliya ta ci gari su kuma suna kiran mutane kallo. Amma da ta nuna masa masallacin Kurɗuba, ginshiƙai jere ba iyaka, bakunansu ja da fari, sai ya ƙura ido. Can ya ce, "Musulmi suka gina wanga?" Ta ce su ne. Ya karɓi wayar ya riƙe da kansa, shayinsa ya huce bai sha ba.

"Ni abu ɗaya nake so," ta ce masa a ranar. "In je in ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya, in ji bai amsa ba."

A shekararta ta ƙarshe a jami'a Allah ya kawo hanya. Malamarsu, Malama Shu, za ta fita da wasu ɗalibai su zaga tsofaffin biranen: Roma, Fulorens, Benis, su ƙare a Kurɗuba. Sauran 'yan ajin 'yan ƙasa ne, bizarsu ta fito ba a ji kansu ba. Ta Saffana kuwa sai da aka sha jeka-ka-dawo har malamar ta tsaya mata da kanta. Kuma ba kallo kaɗai ba ne. Malama Shu ta yi wa wani abokin aikinta a Fulorens maganarta, ya ce a kawo ta ya gan ta, in ta yi masa zai ɗauke ta ta ci gaba da karatu a wurinsa. Wannan ce ƙofar da ta rage mata. Izinin zamanta a China na ɗaliba ne, ranar da karatu ya ƙare shi ma ya kama hanyar ƙarewa, sai Maraɗi, garin da ba ta san komai a cikinsa ba ban da kabarin uwarta. Barmo ya san haka sarai. Duk abin da zai biyo baya, kada wani ya ce bai sani ba.

Shi ya saya mata akwatin, babba mai ƙafa huɗu, bayan ya ja ciniki har mai shagon ya yi rantsuwa da kakanninsa. Ta jera kayanta a gefe ɗaya: dogayen riguna, mayafai, rigar sanyi, takalmin tafiya don an ce titunan can duwatsu ne. Ɗaya gefen ta bar shi wayam, ta ja zif.

"Wancan ɓangaren hwa?"

"Na dawowa ne, Baba. Littattafai zan sayo. Da tsarabarka."

Barmo ya dubi rabin akwatin nan, abin ya yi masa ciwo.

Sai wanda ya zauna cikin fatake zai gane ciwon. A Sanyuanli akwati ba na mai shi ba ne shi kaɗai. Duk wanda zai hau jirgi, jama'a na da haƙƙi a kilonsa. Da saƙo ake rayuwa a nan: yaji da daddawa da kuka su zo a akwatin wani, waya da maganin hawan jini su tafi a akwatin wani, samfurin da zai kawo maka cinikin shekara yana naɗe cikin zanen wata Hajiya da ba ka ma san sunanta ba. Mutum ya tafi da akwati rabi fanko, wannan ba rowa ba ce kawai, kamar ya zubar da abinci ne a gaban mayunwata. Barmo kansa da kilon mutane ya tashi, kuma ba a taɓa jin ya mayar da saƙon kowa ba.

Saffana ta san gidan da ta fito, don haka tun da wuri ta kafa doka. "Baba, don Allah ban da saƙo. Ko allura. Malama ta ja mana kunne, kowa kayansa kawai. Can ba kamar hanyar gida ba ce."

"Dakor," ya ce. "Na jiya."

Kuma ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Labari ya bazu cewa 'yar Barmo za ta Italiya, mutane suka fara sallama. Wani ya zo da man zafi na ƙanensa, wata da gashin kanti na ɗiyarta, wani da cajar waya cike da leda. Barmo ya dinga ba da haƙuri yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata. Wani Bakano ma da zai fita sai da ya ce, "Allah ya kyauta, boko ya shigo gidan Barmo." Maganar ta yi kwanaki tana cin sa.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Wahab ya shigo. Saffana ta tafi makaranta taron ƙarshe da malamarsu. Wahab ya ajiye wata jaka a gindin wani ginshiƙi, ya zauna, aka zuba masa shayi. Ya yi ta hira a kan tsadar kwantena da taurin kan masu sito, bai ko kalli jakar ba. Sai da ya tashi tafiya.

"Alaji, kaya small ne. Na Nurudeen, ƙanin Ajara, ka san shi, yana Italy. Rigunan ball ne da jaka na mata kaɗan. Shi zai zo hotel da kansa ya karɓa, Saƙo ba zai wahala ba."

"Wahab, yarinyar ta ce..."

"Na ji, na ji. Sun gaya mini kana koran mutane." Wahab ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Amma ni ba mutane ba ne. Ko ba Ajara ya kawo shi nan ba? A cinya ya kwana tun daga Yamai. Saƙo zai ƙi saƙo?"

Da wasa ya faɗa, ba da gori ba, kuma wannan ne ya sa ta fi kama Barmo. Ya tuna ranar da ya tsaya a filin jirgi ya hango Mma Ajara tafe da wata 'yar ramammiyar yarinya mai idon Sabuwa. Da wane baki zai ce a'a?

Bayan fitar Wahab ya buɗe jakar, don shi ba yaro ba ne, ba ya ɗaukar abin da bai gani ba. Ya zazzage ta tsaf yana neman abin da yake tsoro: ƙwaya, ko gari, ko wani abu a ɗinke cikin shafi. Babu. Rigunan ƙwallo ne na manyan kulob, da tambarinsu da komai, da jakunkunan mata masu sunayen nan na Turawa a jiki. Irin waɗanda ke rataye a kowane shago daga nan har bakin titi, irin rigar da shi kansa yake sawa ranar Lahadi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, kaya ne masu tsabta. Ko a mafarki bai kawo cewa kwafi laifi ba ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwafar Roma yana turawa Maraɗi, wa zai gaya masa rigar ƙwallo tana da mai ita?

Washegari da safe, Saffana na wanka, ya buɗe ɓangaren nan fanko ya jera su, ya danna, ya ja zif. Ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya ya jijjiga. Hannunsa sikeli ne, bai taɓa yi masa ƙarya ba. Daga nan bai bari ta taɓa akwatin ba, shi ya sauko da shi, shi ya sa a tasi, shi ya ja shi cikin filin jirgi yana cewa ɗiyarsa ba za ta yi dako ba yana raye.

Sai a wurin awo ta gani. Ya ɗora akwatin, lamba ta hau ta hau, ta tsaya daf da iyaka ba ta wuce ba. Barmo har wani ɗan murmushi ya yi na gwani. Saffana ta dubi lambar, ta dube shi. Malama Shu na tsaye a gefe da 'yar tutarta, 'yan ajin na bayansu a layi da iyayensu.

"Baba," ta ce a hankali.

"Na Baba Wahab ne," ya ce da sauri, ƙasa-ƙasa. "Riguna ne kawai, na duba da hannuna. Nurudeen za ya zo otal ya amsa. Mma Ajara ce hwa, ɗiyata."

Ya ga leɓenta ya motsa. Da a gida ne da ta yi magana. Amma ta buɗe akwati a nan, ta zazzage kayan da ubanta ya sa, a gaban malamarta da baƙin mutane, ta nuna wa duniya ya yi mata ƙarya? Ba ta iya ba. Shi ma ya san ba za ta iya ba, shi ya sa ya bari sai a nan, ko da yake bai yarda ya faɗa wa kansa haka ba. Akwatin ya bi bel ya shige. Ta durƙusa ta yi masa sallama, ya sa mata albarka, ta bi tutar malamarsu ba ta waiwayo ba.

Washegari Juma'a ce. An idar da salla a masallacin Huaisheng, jama'a sun cika harabar ana gaisawa, 'yan Ghana a gefe, 'yan Nijar a gefe, Kanawa a ko'ina. Barmo na tsaye a inuwar tsohuwar hasumiyar nan mai santsi yana ba wasu labarin gini mai rami a ka, kamar shi ya gina shi. Sai waya ta yi ƙara. Ya ga sunanta, ya ɗaga wa mutanen hannu da fara'a. "Ga ta nan ma, daga Roma!"

"Baba, sun buɗe akwatin."

Muryar ba kuka a cikinta, kuma da kukan ne da ya fi masa sauƙi. Ya toshe ɗaya kunnen ya matsa jikin bango. Ta gaya masa dalla-dalla, kamar tana karanta labarin wata. An tsayar da ita a wurin duba kaya. Sun jera rigunan da jakunkunan a kan tebur, sun ce jabu ne, kuma yawansu ya wuce na sawa, na sayarwa ne. Sun tambaye ta na wane ne, ta ba su lambar Nurudeen. Da aka kira ya ji ko su wane ne, ya kashe wayar, har yanzu ba ta shiga. Sun ce ta nemi biza a kan karatu ta zo da fatauci. Malama Shu ta yi magana har muryarta ta dushe, amma tana da sauran ɗalibai, mota na jiran su.

"Sun tahi sun bar ki?"

"Ni na ce ta tafi."

"Ba ni shi. Ba ni babban nasu in yi mishi magana." Barmo ya gyara tsayuwa. Ya san duwan, ya sha su a iyakoki da yawa, ya san yadda ake sassauta murya a tambayi mutum iyalinsa, a kai ga abin da za a kai. "Ki ce mishi su riƙe kayan duka, mun yahe. Ki ce mishi mahaihinki na son ya gaishe shi, za mu fahimci juna."

"Baba, nan ba a haka."

"Ko'ina ana haka, ɗiyata, ke dai ba ni shi."

"Sun riga sun soke bizar. Sun buga mata tambari a kai. Jirgin da zai koma za su sa ni." Sannan ta ce, "Za su karɓi wayar yanzu."

Ya tsaya da waya a kunne bayan layin ya katse. Mutanen da yake ba labari suna jira da murmushinsu. Wani ya ce, "Yaya Roma?" Barmo ya nemi takalmansa ya rasa inda ya ajiye su.

Ya samu Wahab a sitonsa ana loda kwali. Da Wahab ya ji, sai ya zauna a kan wani buhu ya riƙe kai, ya yi ta salati, hawaye na gaske suka zubo masa. Ya kira Nurudeen ya kira, ba ta shiga. Ya rantse zai ci mutuncin yaron, zai sa Ajara ta yi masa baki. Can da ya share fuska, sai ya ɗago ya ce, "To kayan fa, duka suka riƙe?" Bai yi da mugunta ba, bakin fatake ne ya riga shi. Barmo ya dube shi, ya ga da shi ne a kan buhun nan abin da zai tambaya ke nan. Ya juya ya fita.

Babu inda bai buga ba a yinin nan da washegari. Ya je wurin shugaban 'yan Nijar, ya je wurin wani Bakano da aka ce ya san lauya, ya je har wurin Lawban Lo, wai ko yana da wani a Italiya. Lawban Lo ya saurare shi har ƙarshe, ya zuba masa shayi, ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Ranar ce ta farko da Barmo ya ji kalmar a bakinsa.

Saffana ta fito daga ƙofar masu sauka da kayan da ta tafi da su a jikinta, takalmin tafiyar nan sabo fil ko ƙura bai ɗauka ba. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum. Ya karɓi akwatin, ya ji shi sakayau, hannunsa ya gaya masa daidai abin da aka cire. A jirgin ƙasa suka zauna gefe da gefe, akwatin a tsakanin gwiwoyinsa. Ya shirya maganganu tun daga gida, na ban haƙuri, na ƙaddara, na cewa gobe ma rana ce. Ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya fito, don wauta, shi ne:

"Ba ki ga komi ba?"

"Ɗakin ba taga," ta ce. Tasha ta wuce. "Da jirgi ya tashi na hango wata ƙubba daga nesa. Ban sani ba ko ita ce. Suna da yawa."

"Saffana, ni na..."

"Baba, ka bari. Na ga lambar sikelin, ban ce komai ba."

Wannan ta fi zagi ciwo. Ya so ta yi masa ihu, ta ce ya kashe ta, ya samu abin da zai roƙi gafara a kai. Sai ta ɗauki rabin laifin ta riƙe, ta bar shi ba shi da ko inda zai durƙusa.

'Yan ajin suka yi ta sa hotuna. Yana ganin hasken wayarta a fuskarta in tana dubawa: ga su a gaban gini mai rami, ga su a kwalekwale, ga wata ƙawarta ta rungume wani ginshiƙi a Kurɗuba tana dariya. Daga baya ta daina dubawa. Malamin Fulorens ya ɗauki wani ɗan ajinsu. Malama Shu ta sake tsaya mata aka nemi wata bizar, amsa ta dawo da wuri, ba a ma wahalar da su da jira ba. Wanda ya san kan abin ya gaya wa Barmo gaskiya, cewa irin wannan tambarin ba fasfo kaɗai yake ɓatawa ba, ko ta canja sabo sunanta na nan a wurinsu, kuma ƙasashen duk bakinsu ɗaya. Ta gama karatu, ta karɓi takardarta ta sa a ƙasan akwatin. Izinin zamanta ya rage 'yan watanni. Kafin nan, ta ce, gara ta riƙa taya shi a shago.

Ba ta yi fushi ba, ba ta daina gaishe shi ba, abincinsa bai taɓa makara ba. Wahab ya daina leƙowa, in sun haɗu a masallaci sai gaisuwa daga nesa. Mutanen Sanyuanli kuwa suka yanke hukuncinsu: yarinya ce ba ta da wayo, da ta raba kayan cikin tufafinta, da ta cire ledojin, da ba a gane ba. Har wani ya ba Barmo shawarar yadda za a yi a gaba.

Ana cikin haka Alhaji Isufu na Maraɗi ya turo hoto. Ya kai amaryar gidansa da uwargida yawo, ga su su uku a gaban wani gini, Alhaji ya baje babbar riga ya tare rabin ƙofar. Barmo ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ko a gunduwa ya gane shi. Ginin nan ne mai rami a ka. Ya yi niyyar ya kife wayar, amma ta riga ta gani ta saman kafaɗarsa.

"Guda nawa yake so?" ta ce.

Tare suka je Panyu ranar da samfurin ya fito. Ita ta yi magana da Lawban Lo, ta duba tsawo, ta duba kauri, ta ce a ƙara zare a gindin saboda hanyar Kwatano zuwa Maraɗi ba ta da kyau. Barmo na tsaye yana kallon ginshiƙin. Shekarun da ta yi tana masa tsiya ba su tafi a banza ba, idonsa ya buɗe ba da son ransa ba. Kan da aka ɗora ba shi ne na hoton ba. Na hoton ganyaye ne, wannan kuwa naɗi biyu ne kamar ƙahon rago, Lawban Lo ya ɗauko tsohon zubin da ke kusa ne kawai. Kuma ta gani. Ba yadda za a yi a ce ba ta gani ba.

Ya jira. Ya ƙara jira, yana roƙon Allah ta riƙe kai ta ce raƙumi da kan akuya. Ta sa hannu a takardar karɓa ta miƙa wa Lawban Lo.

"Ɗiyata," ya ce, "kan nan ba daidai ba ne, ko? Na Girka ne, ko ba haka kika koya mini ba? Mu sa ya sake."

Ta ɗaga ido ta dubi ginshiƙin sama da ƙasa, ba ta daɗe ba.

"Wa za ya sani a Maraɗi, Baba?"

Ta rataya jakarta ta nufi ƙofa. Barmo ya tsaya shi kaɗai a cikin farar ƙurar masana'antar. Bai san lokacin da ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa ginshiƙin ba, ginshiƙin kuwa ya amsa.